Haƙoran Zinare

Shekara goma sha ɗaya tana ƙarƙashin gadon Baffa Gidado,
lulluɓe da tsohon mayafin teburi,
farinta ya koma launin man shanun da ya jima a kwalba.
Ranar rabon kayansa ba wanda ya dube ta.
Hamma ya tura babur, Adda ta ɗora firji a a-kori-kura,
ni na rungumo ta a cinya har Herwagana.

Na kunna ta. Ta yi tari, ta yi nishi,
ta buɗe ido kamar mai fama da masassara,
kibiyar nan ta ƙame a tsakiyar gilashi
har shayina ya huce.

Yila, mai ɗan shago bayan Tashar Dukku,
ya kara kunne a jikinta, ya ce:
"Rumbunta lafiya lau, hatsi na nan ciki.
Faifanta ne ƙarami.
Kowace tsaba sai ta koma rumbu ta ɗauko,
wa zai yi tuwo a haka?"
Ya zazzage wani gwangwanin madara a kan benci,
ya tsinto koren falle, bai kai tsawon cokali ba,
bakinsa jere da haƙoran zinare.
"Mega sittin da huɗu. An daina haihuwar irinsa.
Ba ni na tsire kawai."

Bayan isha'i na zare filogi,
na dafa ƙarfen taga kamar yadda ya gargaɗe ni,
wai wutar da ke jikin mutum ma kisa take yi.
Sukurori huɗu, na tara su a murfin kwano.
Da na ɗaga bangon cikinta
sai ga yanar gizo, ta ainihi,
wadda gizo ya saƙa da ƙafafunsa,
ita kaɗai ce irin wadda ta taɓa sani.
Ga gidan zanzaro a kusurwa,
ga ɓarin goro ya bushe ya zama dutse.
Ta ina ya shiga, Baffa?

Ramuka biyu, ɗaya da mai shi,
ɗayan yana jiran baƙo tun ina firamare.
Na daidaita giɓi da giɓi, na tura, na kunna.
Kuka uku ta yi, dogaye,
gilashi baƙi ƙirin.

Ummulu ta miƙo min magogin fensirinta.
Na goge haƙoran ɗaya bayan ɗaya
har suka yi murmushi a hasken tocila.
Na sa manyan yatsu biyu, na yi bisimilla,
na danna kamar mai ɗorin ƙashi.
Ƙas. Ƙas.

Ta farka tana ƙidaya,
lambobi na gudu suna tuntuɓe da juna,
ta wuce inda ta saba tsayawa
ba ta ko waiwaya ba.
Agogonta dai ya ce yau ɗaya ga Janairu
na shekarar da ban fara gemu ba.
Ban gyara mata ba.

Ga su nan, mutanen da suka yi layi a shagon Baffa:
mai neman aikin masinja,
mai cinikin fili a Tumfure,
katin suna, katin sadakar arba'in,
ƙorafin 'yan tumatir a kan haraji.
Can ƙasa, wata takarda da sunana.

Na buɗe. Ba wasiyya ba ce.
Harafi ɗaya ne, ya cika layi tara,
ranar da ya ɗora ni a cinya
na kwantar da yatsa na ƙi ɗagawa.
A ƙarƙashi, da hannunsa:
"Aikin Sambo na farko. Ba a biya ba."

Fanka na juyawa a cikinta, a hankali.
Ummulu ta ja kujera,
tana neman harafin sunanta.