Kunnen Bakanike

Shekara talatin ina kwance ƙarƙashin motoci a Farin Gada,
yau ga ni a Heipang, dab da fiffike.
Sau biyu aka ɗage tashi.
"Ƙaramar matsala ce," in ji muryar da ba ta da fuska.
Ni ma na sha faɗa wa masu mota haka.

Ta taga na hango wani yaro da tocila,
yana shafa taya kamar mai cinikin rago.
Ɗana, ƙara dubawa.
Ɗigon man nan, na yau ne ko na jiya?
Notin da ka ɗaure, ka ji ya kama,
ko agogo kake kallo?

Mota in ta gaji, sai a tsaya a Akwanga,
a sha lemo har ta huce.
Sama ba ta da gefen titi.

Maman Nanret a gefena ta rufe ido tana addu'a.
Ni carbi a hannu, kunne a wajen injin.
Ya tashi. Babu tari, babu gargada.

Yaron ya ɗaga babban yatsa,
hannunsa baƙi ƙirin da giris,
irin nawa.