Lita Bakwai da Suka Ɓata

Dillalin da ya sayar mana da ita a Titin Zariya
ya dafa ƙirji ya ce, “Hajiya, wannan ba ta shan mai,
shinshinawa kawai take yi.”
Na ji shi. Amma ni malamar lissafi ce,
rantsuwar dillali ba ta cikin abin da nake koyarwa.

Na sayi ɗan littafi mai jan bango,
na ɗaure masa biro da zare,
na ajiye shi kusa da takardun mota.

Ba tsafi a cikin abin.
Ka cika tanki har bakin famfo ya ce ƙas,
kada ka ce a ƙara, kada a girgiza mota.
Ka kwafe lambar da ke kan mita,
ka tafi harkarka: kasuwa, makaranta, gaisuwar rashi.
Ran da ka dawo gidan man nan, famfon nan,
ka sake cikawa har ya ce ƙas.
Tafiyar da ka yi, raba ta da litar da ta sha.
Allurar mai kuwa, rabu da ita,
a gangare tana fara'a, a hawa ta ɓata rai.

Cikon farko, kilomita ɗari uku da sittin,
lita talatin da shida.
Goma cif. Dillali sha shida ya ce.
Sauran shidan suna cunkoson Taminus,
suna Farin Gada bayan motar tumatir,
suna ƙafar Tanimu mai son taka totur
kamar wanda ya bar nono a wuta.

Da muka je Abuja ta ba mu sha huɗu,
har na fara neman gafarar dillali.
A dawowa Hawan Kibo ya karɓi kuɗinsa.

Sai damina ta kankama, lamba ta fara zamewa.
Tara. Takwas da ɗoriya.
Gyang bakanike a Dilimi ya sauya fulogi,
ya kakkaɓe matatar iska, ya ƙara wa tayoyi iska,
ya fito da buhun dankalin da ya kwana goma a but,
ya ce, “Madam, injin nan lafiyarsa lau.”
Duk da haka kowane ciko
lita bakwai ba su da mahaifi.

Na zargi yarinyar gidan mai da hannunta mai sauri.
Na zargi Sabitu ɗana, na ɓoye makulli a tukunya.
Har maƙwabci na harara
don na ga tiyo rataye a katangarsa.

Wani dare a Bukuru wuta ta ɗauke,
na sallami ajin manya tun kafin lokaci.
Ruwa na zuba, sanyin Jos na shiga ƙashi,
gwiwata mai ciwo ta fara gunaguni.
Can gindin bishiya na hango ta a tsaye,
inji na aiki, gilashi duk ya yi gumi.
Tanimu ya kwantar da kujera yana gyangyaɗi,
mayafina a shimfiɗe inda iskar ɗumi ke fitowa.
Maigadi ya ce, “Ai kullum haka yake,
awa guda kafin ki fito.”

Na tsaya a cikin ruwan ina lissafi.
Dare goma, awa goma, taya bai juya ba.
Mita tana ƙirga inda aka je,
ba a koya mata ƙirga jira ba.

Na shiga, kujera da ɗumi kamar gurasa.
Na buɗe ɗan littafin a kan cinya,
na ja sabon layi ban sa masa suna ba,
na rubuta bakwai.

Sannan na taɓa kafaɗarsa na ce,
“Minti goma ma ya isa, Malam.
Ka san nawa lita yanzu?”