Kwalbar Bayan Tukunyar Gas

A unguwarmu, can saman tudun Oaxaca,
motar lemo ta fi ruwan famfo cika alkawari.
Famfo sai Talata, in ya ga dama,
jar motar nan kuwa ko Lahadi ba ta fashi.

Ranar da aka yanke wa babana yatsun ƙafa biyu
na dawo asibiti da takalminsa ɗaya a jaka,
na tarar da Fermín a bakin ƙofa,
shekara bakwai, leɓe ja wur,
kwalba a hannu kamar da ita na haife shi.
Likita ta ce sukari ne.
Na dubi takalmin, na dubi yaron.

A daren na kafa doka:
ba lemo, ba alewa, ba soyayyen nan na leda
mai barin yatsu kamar an tsoma su a lalle.
Na dafa wake, na yanka kabewa,
na dire kwano gabansa kamar sammaci.
Ya ture. Na tura. Ya ture.
Nayeli ta ga abin da yayanta ya yi,
ita ma ta ɗinke baki.
Kwana tara muna haka,
wake yana hucewa, ni ina tafasa.

Doña Casilda, mai gasa gurasar masara a ƙasan benenmu,
ta gaji da jin ihuna ta rufi.
Ta ce, "Remedios, ciki ba ya jin tsawa.
Bar hannunsu ya sha wahalar abin,
baki zai so sanin dalili."
Ta miƙo gwangwanin fenti uku
da iri a ƙunshin takarda.

Muka hau rufi, tsakanin tanki da igiyar shanya.
Fermín ya huda gindin gwangwani da ƙusa,
Nayeli ta raɗa wa kowane tsiro suna.
Ɗaya ya mutu, suka binne shi da kuka.
Tumatirin farko bai fi goro ba,
muka raba shi uku, muka barbaɗa gishiri.
Fermín ya yamutsa fuska, ya ce tsami,
sannan ya tambaya ko zan ci nawa.

Asabar a kasuwa na ba kowa peso goma:
zaɓi abin da kake so, in dai ba inji ya ƙulle shi ba.
Ya zaɓi fara da barkono da lemun tsami,
ita mangwaro, har gwiwar hannu.
Na fara tafiya ina ɗaga kai.

Sai ranar da gas ya ƙare.
Fermín ya jawo tukunyar don ya taimake ni,
kwalba ta gangaro daga bayanta,
rabi, murfi a ɗaure tam.
Tawa ce.
Ta bayan sun yi barci, in na taso daga wankin otal,
ƙafa a kumbure, ina sha a tsaye cikin duhu.

Bai ce komai ba.
Ya dire ta a tebur yadda nake dire masa kwano,
ya durƙusa, ya zare mini silifa,
ya ƙirga yatsuna da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya,
har goma.

Yanzu kwalba ɗaya ce, ran Lahadi, a fili,
kofi uku ƙanana, Nayeli ke awo
tana runtse ido kamar mai sayar da zinari.
Sauran kwanaki zoɓo ne mai sanyi,
na kakansu babu sukari,
yana sha yana zagin likita.

Har yau Fermín na tsince kabewa zuwa gefen faranti.
Jiya ma, ina wanki, na ciro ledar nan daga aljihunsa,
jan garin ya ɓata mini kumfa.
Na buɗe baki zan kira shi,
sai na lalubi ɗaya aljihun:
'ya'yan tumatir, busassu, a ƙunshin takardar makaranta,
da sunan wani yaro a rubuce.