Rikicin Fili a Cikin Gilashi

Shekara ashirin ina dillancin filaye a Rijiyar Zaki,
na ga an zare wuƙa a kan taku biyu na ƙasa.
Na ɗauka na gama ganin rigimar iyaka,
sai da na cika akwatin gilashi da ruwa,
na girke shi a falo, nesa da taga.

Ghali na Sabon Gari ya ɗauro min su a leda.
Dangin karfasa ne, in ji shi, amma 'yan ado,
kakanninsu na can wani tafki a Malawi.
Shuɗi ɗaya, kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata,
rawaya uku, kamar sun yi wanka da gangamau,
sai mai ɗigo-ɗigo, Siyama ta raɗa masa Zabo.
Ya ce, "Alhaji, a kula, ba sa ga-maciji."
Na ce, "Kifi ne fa, ba magada ba."

Kwana uku, shuɗin ya mallake dutsen tsakiya,
ba takarda, ba shaida, ba sa hannun mai unguwa.
Yana haƙar yashi da baki, yana tofarwa gefe,
duk wanda ya gifta ya sha cizo.
Zabo ya lafe a bayan bututun iska,
jela a yage, launi ya koɗe,
ko ƙamshin abinci ba ya fito da shi.
Asubar Laraba na tsamo rawaya ɗaya,
ciki sama.
Siyama ba ta yi kuka ba.
Shiga falon kawai ta daina.

Na kira Ghali, na ji yana sheƙa dariya:
"Ido ke jawo faɗan, tare musu ido.
Kai mai rigimar bokiti ya kwana biyu,
ka rushe unguwar, ka sake mata fasali,
ya dawo baƙo, cikin duhu.
Kuma ka ƙaro wasu. In taro ya yi taro,
mugu ba ya sanin wa zai bi."

Na fasa tsohon tulu da tukunyar da ta tsage,
na dafa tsingaron, na jera kogo-kogo,
lungu bayan lungu, kamar cikin Birni,
inda ƙofa ba ta kallon ƙofa.
Ni da na saba ja wa mutane layi da igiya,
yau hannuna a ruwa har gwiwa
ina ɓatar da iyaka.
Abinci ma na raba shi gida biyu,
gabas da yamma, a lokaci guda.

Shuɗin ya dawo yana waige-waige,
ya nemi dutsensa, babu.
Ya kori wannan, wancan ya gifta,
ya bi wancan, ya ɓace masa a kwana.
Da la'asar ya gaji,
ya zaɓi bakin tulu, ya zauna.

Ban ce sun shirya ba.
Har yau akan tayar da ƙaya, akan buɗe baki.
Amma jelar Zabo ta tsiro,
Siyama ta dawo tana ƙirga su da yatsa.

Daren jiya aka ɗauke wuta, kumfa ta tsaya.
Na haska fitila, na gan su duka a sama,
kafaɗa da kafaɗa, baki a buɗe,
suna roƙon iska ɗaya.
Na tayar da janareta, kowa ya koma lungunsa.

Na daɗe a zaune, injin yana ruri.
Akwai wata katanga a Gwammaja,
tsakanina da Nafi'u, ƙanina, ciki ɗaya.
Taku biyu ne.
Ni na auna.
Lambarsa na nan a wayata, ban goge ba.