Ɗaurin Gora

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba.
An ɗauke wuta, janareto na tari a bayan gini.
Daga ni sai madubi,
sai ƙwayar halitta ɗaya tak a kan gilashi,
daga fatar wani bawan Allah da ban san sunansa ba.

Ba ta da ƙafa. Ba ta da ƙashi.
Ga ta can kuwa, tafiya take.

Na ɗiga mata rini, cikinta ya kama kore,
sai na ga gora.
Wallahi gora, Baba, irin taka,
sanda kan sanda, an gicciya, an ɗaure tamau,
kamar ranar da ka saɓa ni a wuya a Oyingbo
ka nuna min bene hawa bakwai,
ka ce, "Kande, kafin siminti ya tsaya da ƙafarsa
mu ne ke riƙe da shi."

Littafi ya ce sunan zaren aktin.
Ni dai aikin na gane.
A goshinta ana ɗaura sabuwar sanda,
wata bisa wata, har fatar ta turo gaba
kamar harshen ruwa a kan yashi.
A ƙeyarta ana kwance tsohuwa,
a miƙa ta hannu da hannu ta koma gaba.
Haka kuke yi kai da Barau da Ɗan'inna,
ku kwance ta yamma ku ɗaura ta gabas,
gora ashirin ta zagaye gida guda.

Sai ta miƙa tafi ta dafe ƙasa,
dafewar kwandasta a ƙofar danfo.
Majaya su kama igiya,
miyosin, in ji littafi,
su ja kamar masu janyo taru a bakin teku
har bayanta ya saki ya biyo.
Dafe, ja, saki.
A awa guda da ƙyar ta ci kaurin gashi.
Ko gosulon Oshodi ya fi ta sauri.

Can tsakiya akwai dogayen bututu,
'yan dako na takawa a kai, kaya niƙi-niƙi,
kamar 'yan'uwanmu a Alaba Rago,
babu mai tambayar su ko sun karya.

Ka tuna ranar da gora ta tsaga maka tafi?
Ka ɗaure da tsumma ka koma sama.
Kwana tara bakin ciwon ya haɗe.
Ka ce ikon Allah. Haka ne.
Yau na ga yadda ikon ke rarrafe:
dubbai daga wannan gaɓa, dubbai daga waccan,
kowacce na ɗaura gorarta
har suka gamu a tsakiya.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne wannan.
A asibitin nan, hawa na uku, gado na sha ɗaya,
likita ya cire tabarau ya ce ya bazu.
Na zaci bazuwa irin ta hayaƙi.
Ashe da ƙafa ya je.
Daga mara zuwa ƙashin baya,
dafe, ja, saki,
da irin ɗaurinka, Baba,
da haƙurinka.

Ga kwalba a hannuna, maganin da muke gwadawa.
Ɗigo ɗaya, ɗauri ya tsaya.
Na ɗiga.
Goshin ya yi laushi, ya ja da baya,
ta dunƙule kamar lebura da aka ce masa yau babu aiki.
Ya kamata in yi murna.
Na rubuta lokaci: huɗu da minti goma.

Ladan ya soma gyaran murya ta wajen kasuwa.
Folake ta turo ƙofa da shayi kofi biyu,
ta ce, "Ta tsaya?"
Na ce ta tsaya.
A titi wata mota na sauke gora,
ina jin ƙararta, ɗaya bayan ɗaya.