Washa Guda

A bakin hanyar Auyo, gindin tsamiyar
da ta sha baƙin mai har tururuwa ta yi ƙaura,
nan Baba Gwadabe ya kafa gareji,
ba bango, ba ƙyaure,
sai buhun taki da yake shimfiɗawa
in zai kwanta ƙarƙashin ƙarfe.

Ina shekara tara ya ce, miƙo sha uku.
Na miƙa sha bakwai.
Bai ɗago ba, bai yi faɗa ba,
ya ɗora ta kan noti tana ta juyin banza,
ya ce, ka gani? Rigar wani ce.

A jikin sifana na koyi lamba
kafin malamin lissafi ya san da zamana.
Na wanke ringi a tsohon kwanon tuwo,
na goge hannu da yashi da kananzir,
har Inna Tabawa ta ware mini ƙoƙona,
wai furata warin gas take.

Taraktocin duk sun girme ni.
Ja ne a da, in ji shi, rana ta lashe jan.
Wata ba fitila, wata kujerarta turmi ce da aka sare,
wata sai ƙarti shida sun tura ta
take tari, ta yi kaki, ta tuna sunanta.
Baba yakan kafa sukundireba a haƙarƙarin inji,
ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido
kamar mai sauraron gulma ta bayan danga.
Inji ba ya ƙarya, ya ce,
mai shi ne ke yi.

Ranar da ya sakar mini ta Alhaji Na'iya
kwana uku na yi a cikinta.
Na ɗaure, na tayar, ta ɗauka bugu ɗaya,
na tsaya ina jiran yabo.
Baba bai dubi hayaƙi ba, faranti ya duba.
Washa guda, ƙanƙanuwa kamar kwabo,
tana kwance cikin sauran mai.
Kwance, ya ce.
Na ce ai tana tashi.
Ya ce, tana tashi a nan, gindin inuwa.
A tsakiyar fadama fa, ruwa ya sauka,
mutum ya ci bashin iri?
Na kwance ina kuka, har bayan isha'i,
shi ne ya riƙe mini tocila.

Yau yana ta rufe masa ido.
Hannun da ke murɗe noti ba sifana
ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya zuba.
Kullum ƙanena Ilu yakan jawo shi
ya zaunar kan tsohuwar taya.

Shekaranjiya, hadari na haɗowa daga gabas,
aka jawo wata da igiya daga Gamsarka.
Na saurara, na ce famfon gas ne,
kuɗin ya kai na ɗan maraƙi.
Mai ita ya cire hula ya share goshi.
Daga kan taya Baba ya ce, sake tayarwa.
Na sake. Ya karkata kai.
Iska take sha, ya ce, bi tiyo da yatsa.
Na bi. Ga tsaga, ko ƙwayar gero ba ta shiga.

Mutumin ya tafi da kuɗin marakinsa,
garma na tsalle a bayansa,
yayyafi ya fara buga ganyen tsamiya.
Baba ya ce, duba faranti.
Na ce ba komai.
Bai sani ba, waccan washar
da na mayar a daren tocila,
na sake ciro ta ran da motar ta mutu murus
aka sayar wa 'yan gwangwan.
Tana nan a zaren makullina.
Na shafa ta cikin aljihu,
na sake duba farantin.