Askin Kaka

Ruwan ƙarshe ya sauka daren Laraba,
bai ko cika kaskon kaji ba.
Da asuba na goya tankin feshi
kamar ɗan da ya ƙi yaye,
na gangara bayan Kuru, inda tuffar Baba
ke tsaye sahu-sahu, arba'in da uku.
Da arba'in da biyar ne. Gara ta ci biyu.

Juya ganyen ka gani.
Sama kore shar, kai ka ce lafiya lau,
ƙasa kuwa tsatsa ce ɗigo-ɗigo,
ka shafa ta biyo yatsa kamar garin barkono.
Bara na ƙyale ta don tausayi,
na ce wanda ya sha ɗawainiyar damina a bar masa rigarsa.
A cikin rigar nan cuta ta ci sanyin Jos,
ta yi ƙiba, ta yi kwanton ɓauna,
sabon toho na leƙowa ta tare shi a bakin ƙofa.
Kwando shida na kai Farin Gada,
inda Baba kan sauke talatin
har 'yan dako su yi faɗa a kansa.

Kachollom, malamar gona, ta rubuta min
a bayan takardar siminti:
zink gwangwani kaza, ruwa jarka kaza,
ban da iska, ban da tsakar rana,
ka ɗaure hanci.
Gari ne fari, kamar gishirin da ba a lasa.
Na dama shi da ruwan tafkin kuza,
ramin da kakana ya haƙa ana biyansa sule-sule.
Shi ya tono ƙarfe daga ƙasa ya ɗora wa jirgi,
ni na sayo ƙarfe a leda ina yayyafa wa itace.
Hannun hagu na bugun famfo, na dama na bin rassa,
tun daga ƙasa har inda tsuntsu ke sauka.

Kwana huɗu, bakin ganye ya ƙone.
Kwana tara, gona ta yi ƙwal
kamar kan jariri ranar suna.

Inna ta dogaro sanda har shingen ƙyarana,
ta dubi rassan, ta dube ni.
"Sallau, abin da ubanka ya shekara ashirin yana shayarwa
shi ka gama da shi a mako guda?"
Na ce, Inna, aski ne.
Ta ce, "Wanzamin kirki yakan tambayi mai kai."
Daren nan tuwona ya zo ba man shanu.

Na share ganyen, buhu goma sha ɗaya.
Akuya ta yi kuka ban ba ta ba,
ramin taki ya buɗe baki ban zuba ba.
Wuta na sa, na tsaya har ta cinye,
hayaƙin ya bi ta tsakanin duwatsu,
maƙwabcina Dalyop ya ɗago fartanya daga kunyar dankali
ya tambaya ko wani abu ya faru.

In faɗi gaskiya, ni ma barcina rabi ne.
Takardar siminti ba ta rantse min ba.
Itace tsirara da itace matacce
daga nesa kamarsu ɗaya.

Yau da safe na kama reshe zan kankare ɓawon da farce,
in ga ko akwai ɗanye a ciki,
sai na tarar an riga ni.
Ɗan zane ƙarami, daidai tsayin kafaɗar tsohuwa,
kore na leƙe ta ciki, da danshinsa.
Na matsa na gaba, shi ma.
Na bi sahu ina ƙirgawa, arba'in da uku,
ba wanda ta tsallake,
ga sawun sanda a raɓa, rami-rami har bakin shinge.

Ban ce mata komai ba, ba ta ce min ba.
Na wanke tankin sau uku na kife shi a rana.
Toho dai bai fito ba tukuna.